Robar da Ba Ta Karɓar Liƙi

Shekaranjiya wata mata daga Korgom ta kawo mani bido, jarkar ɗibar ruwa, mai ruwan ɗorawa, ya tsage daga wuya zuwa kafaɗa, tsawon ɗan yatsa. Ina cikin hura gawayi sai wasu 'yan mata biyu da ke layin pampo suka matso suna kallo. Ɗayar ta ce wa 'yar'uwarta, "Ashe wannan ne aikin? A gasa ƙarfe a goga, shi ke nan. Ko ni sai in yi." Na miƙa mata ƙarfen na ce, "Bismilla, ɗiyata." Ta ɗora shi bisa wani mataccen bokiti da nake yankar abin liƙi daga jikinshi. Kafin ta ƙifta ido ƙarfen ya huda ya fita ta baya. Layi ya kwashe da dariya, ta ajiye ƙarfen kamar ta taɓa kunama.

Saboda irinsu nake rubuta wannan. Lakwal, makarantar boko, aji uku na yi, ciwo ya fitar da ni, don haka a yi haƙuri da hannuna.

Ƙarafana uku ne. Akwai faffaɗa wanda aka yi da tsohon lauje, shi ke shimfiɗa liƙi. Akwai siriri na bakin zarto, mai shiga lungun mariƙi. Sai tsinke mai tsini. Da tsinken ake farawa: ki nemi inda tsagar ta ƙare, ki huda ɗan rami nan, don in ba ki rufe mata hanya ba, za ki liƙe ta yau, jibi ta ci gaba da tafiyarta ƙarƙashin liƙin. Sannan ki kankare wurin, ki wanke shi da toka, don bidon ruwan da kuke gani kowanne da man girki ya fara rayuwa, kuma liƙi ba ya zama bisa maiƙo. Ƙarfe kuwa ba a ɗora shi yana ja. Sai jan ya mutu, ki kawo shi kusa da leɓenki ki ji irin numfashinshi. Wannan ba ya faɗuwa da baki, sai kin ɓata bokiti ashirin.

Babana gyartai ne, ɗinkin ƙwarya ya gada, da basilla da zaren kaba. Da roba ta shigo ƙasarmu, abokan sana'arshi suka yi ta tsine mata, shi kuwa ya je Tasawa ya sayo ɗan murhun gawayi. Innarmu ta rasu ina ƙarama. Ni kuma da amosanin jini aka haife ni, ba daka, ba noma, ba ɗibar ruwa, sanyi kaɗan ya kwantar da ni. Sai ya riƙa ɗora ni bisa amalanken jaki, mu ci kasuwa tare. Sunan uwarshi gare ni, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwani yake ce mani.

Da hanci ya fara koya mani, ba da hannu ba. Zai rufe mani ido da kallabina, ya ƙona ɗan guntu ya ce, "Wace ce wannan?" Robar bido ƙanshin kyandir gare ta, tana ɗiga kamar kitse. Ta bokiti da baho tana da ɗan yaji-yaji, kamar mai ya ƙone a kasko. Ta takalmi baƙin hayaƙi take, ta sa ki hawaye. Kowace da danginta ake liƙa ta. Ki liƙa bido da guntun bokiti, zai kama a gabanki har ki yi murna, mai shi ya cika shi da ruwa, kafin ya kai gida liƙin ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. In na yi kuskure sai ya ce, "Kai, Uwani, wannan hancin na ado ne?"

Waɗancan shekarun ne nake tunawa in hannuna ya gaji. Mu ci kasuwar Tasawa, mu ci ta Korgom, in kaka ta yi kyau mu yi kwana biyu a hanya har Mayahi. Baba ya tsaya ƙarƙashin itacen bedi ya ɗaga murya, "Gyartai ya iso! A kawo mai yoyo!" Fulani su kawo ƙwaryar nono, sai ya ajiye ƙarfe ya ɗauki basilla, fuskarshi ta sake kamar ya ga ɗan'uwa. Akwai wani tsohon limami da muka liƙe wa buta ɗaya har sau bakwai, ta zama liƙi ya fi buta yawa, ya ce da ita ya je Makka, ba ya sake ta. Amma akwai abin da Baba ba ya karɓa ko an roƙe shi. Zai danna roba da babban yatsa, ya karce ta da farce. In ta yi fari, ta bar gari a farcen, sai ya mayar wa mai ita ya ce, "Rana ta cinye ta. Ba mu liƙa gawa." Abin da na tashi da shi ke nan tun ina shekara takwas: roba ba ta ruɓewa, ba ta tsatsa, gara ba ta cin ta, amma rana tana kashe ta.

Na yi aure nan cikin Kona, na haifi 'ya'ya mata biyu. Ta farin ba na kama sunanta, Ladi muke ce mata. Ta biyun Hauwa. Bayan haihuwar Hauwa kwatangwalona na hagu ya mutu. Da ɗingishi ya fara, ya koma sanda, ya koma jan gindi daga ɗaki zuwa murhu. Aka gasa, aka tsaga, aka shafa duk abin da ake shafawa. Daga ƙarshe maigidana ya ji labarin wani asibiti mai nisa inda likitocin ƙashi ke zuwa daga waje lokaci-lokaci. Aka ɗauki hoton ƙashina, aka ce amosanin ya hana jini kai wa kan ƙashin, ya rube kamar kabewar da aka manta a rumbu. Suka ce za su cire su sa wani. Aka yi aikin da kaka, a shekarar da damina ta ɗauke tun hatsi bai fidda kai ba.

Kwana biyar bayan aikin likitan ya zo dubawa, tare da wata majo, shugabar masu jinya, babbar mace mai dariya, ita ke juya mana magana. Na ce a tambaye shi wane abu ya sa mani a ƙugu. Ya aika aka kawo irinshi daga bisa teburinshi: wani ƙarfe mai kai kamar ƙwallo, da wani farin ƙoƙo wanda ƙwallon ke juyawa ciki. Na karɓi ƙoƙon. Tun kafin in kai shi kusa da ido yatsuna suka gaya mani.

Na ce, "Majo, wannan ai roba ce."

Ta ce, "Roba ce, amma ba irin ta bokitinku ba."

Na ce, "Shekara nawa take yi?"

Suka yi magana da Faransanci, ta juyo ta ce, "Ya ce ba zai yi maki alkawarin shekaru ba. Wasu takan kai su nesa ƙwarai, wasu sai an koma an sake. Ke yarinya ce, za ki yi tafiya da ita fiye da tsofaffin da aka saba sa wa."

Hauwa tana wata goma sha ɗaya a lokacin, Ladi shekara biyar. Ban san bokitin da ya taɓa kai shekara biyar a gidan da ake aiki da shi ba. Na riƙe ƙoƙon na ƙi saki. Majo ta ce, "Ke, kawo, na nuni ne." Na ce ta gaya mashi sana'ata, ta ce mashi ina so in gwada shi da wuta. Likitan ya yi dariya har ya cire madubin idonshi. Ya ce wannan lokacin amfaninshi ya wuce tun yana cikin leda, ba za a sa wa kowa ba, in tafi da shi, amma in dawo in gaya mashi abin da wuta ta ce.

Gidan Baba aka kai ni jinya. Ranar da na fara zama bisa kujera ya hura gawayi, na ɓoye mashi ƙoƙon, na yanko siririn guntu daga bakinshi. Yankan ma sai da wuƙa ta yi gardama, santsi gare shi kamar sabulu, ga tauri. Idon Baba ya riga ya fara hazo a lokacin, don haka ba sai na ɗaure mashi kallabi ba. Na ƙona na ce, "Baba, wace ce wannan?"

Ya shaƙa sau ɗaya ya ce, "Kyandir. Dangin bido ce."

"Ita ke cikin ƙuguna."

Ya miƙo hannu na ba shi ƙoƙon. Ya ɗora mata faffaɗan ƙarfe. Robar bido da ta ji ƙarfe sai ta kwanta ta bi shi. Wannan ta yi garau kamar ƙanƙara, ta yi laushi, amma ta ƙi gudu, ta ƙi shimfiɗuwa. Ya yanko guntun bido, 'yar'uwarta, ya liƙa mata. Da ya huce ya sa farce, liƙin ya tashi. Ya sake da siririn ƙarfe, ya tashi. Sau huɗu.

Ya ce, "Ikon Allah. Ba ta karɓar liƙi."

Ku da ba ku cikin sana'ar ba za ku san nauyin wannan maganar ba. Duk abin da ya fashe a gidanmu mun san yadda za mu yi da shi. Ga shi an rufe mani abu a cikin jiki, dangin bido, wanda in ya tsage ko ubana ba ya iya mashi.

Sai na yi abin da muke yi in sabuwar roba ta shigo kasuwa muna so mu san ƙarfinta. Na yanko wani guntu daga bakin ƙoƙon, mai faɗin yatsa biyu, na ɗaura mashi waya, na ba Ladi ta jefa bisa rufin kwanon zaure, bakin wayar yana reto ta yadda zan iya jawowa. Na ce duk abin da ya same shi, shi ke samun nawa. Sauran ƙoƙon Baba ya ce in bar mashi. Ban tambaye shi mi zai yi da shi ba.

Rani ya shigo da wuri. Rumbuna suka ƙare tun ba a je ko'ina ba, maza suka watse, maigidana ya bi su kudu neman abin da zai aiko. Wata rana da hantsi muka ji a rediyon maƙwabta soja sun karɓi mulki a Yamai. Mutane suka taru suna ta fassara, Baba yana fifita gawayi ya ce, "Ko wa ya hau, bido zai tsage." Gaskiyarshi. Ban taɓa ganin shekarar da aka yi liƙi kamar wannan ba. Ba mai sayen sabo. Rijiyoyin ƙauyuka suka ja baya, mata suna tafiya mai nisa da bido, jakai suna faɗuwa da shi. Abin da da za a jefar, yanzu a kawo shi a zane kamar jariri. Wata ta ba ki ɗan hatsi a tafin hannu, wata dusa, wata ta jiƙa 'ya'yan anza na daji, abincin yunwa, ta ɗebo maki, wata ta ce Allah ya saka, ki ce amin ki karɓi na bayanta. Jakinmu muka sayar don ba abin da zai ci. Baba ba ya ganin tsaga sai ya lalube ta. Ni na ajiye sanduna wata na uku, kuma bakuna huɗu ne a gidan.

Ga yadda na tsara. Tun da rana ke kashe roba, ba zan bari rana ta ga ƙuguna ba. Na ɗauki tsohon buzun sallar Baba na yanke shi, na ɗaura bisa kwatangwalon ƙarƙashin zane, gashin yana ciki. Da na sallame asuba sai in fita, baho bisa kai, ciki da murhu da gawayi da ƙarafa da guntayen roba, Hauwa a baya. In isa ƙauye kafin rana ta yi ƙarfi, in zauna inuwa, in juya hagu wajen bango. Ba na tashi sai la'asar sakaliya, in dawo da abin da na samu bisa kayan da na tafi da su. A bazarar nan da ko ƙadangare ke neman rami, ni ina yawo da fatar rago. Wurin ya yi ƙuraje, ya yi ruwa, ina wankewa ina mayarwa. Wata tsohuwa a wani ƙauyen Korgom ta ga gefen buzun ya leƙo ta ce, "'Yar nan, laya ce haka ƙatuwa?" Na ce, "Laya ce, Iya." Ta ce, "To malamin nan bai yi rowa ba."

Kullum in zan shiga zaure sai na ɗaga kai na dubi wayar. Ban jawo ta ba sai da hadarin farko ya fara haɗuwa, a makon da ƙugun ya dinga yi mani zafi in na sauke kaya. Guntun da na jefa fari tas ya dawo ruwan ƙwai. Na karce shi da farce. Ya bar gari. Na lanƙwasa shi, fuskarshi ta yi 'yan tsage-tsage kamar ƙasan tabki. Wata bakwai kacal.

Ban gaya wa kowa ba. Washegari ban fita ba, na kira Ladi na koya mata hura wuta ba tare da ta ƙona gira ba. Na nuna mata yawan ruwan da ake zuba wa kunu. Na ɗora mata Hauwa a baya na ɗaure da majanyi, ƙafafun Hauwa suna taɓa mata gwiwa, na ce ta zagaya gida sau uku. Ta zagaya sau biyu ta faɗi, na tashe ta na ce ta ƙarasa. Na aika wa yayata da ke aure a Tasawa cewa ina tafe ranar kasuwa da magana. Maganar ita ce wa za ta ɗauka cikin biyun in na koma jan gindi, don na san ba ta iya ɗaukar duka.

Baba yana zaune bakin zaure. Ya ce, "Uwani, tafiyar wa nake ji haka, kamar ɗan jaki da kayan raƙumi?"

Na ce, "Ladi ce ke koyon goyo."

"Uwarta ta mutu ne?"

Na je na sa mashi guntun a hannu. Ya murza shi, ya karce, ya kai hanci. Ya ce, "Wannan ta mutu, ba shakka. Ita ce ta bisa kwano?"

"Ita ce."

"Shi ya sa buzuna ya ɓace?"

Na ce, "Shi ya sa."

Ya ce, "Ni na ce ko ɓera ne, na ce wanga ɓera akwai ibada. Sauke wa yarinya goyo. Ladi, kawo mani taɓarya."

Ƙyauren zaurenmu na kwano ne bisa ƙarfe, ƙafarshi guda tana juyawa cikin rami a ƙasa. Tun ina yarinya bisa wani fasasshen dutse take juyawa, tana kuka duk unguwa ta san an shigo gidan gyartai. Baba ya sa taɓarya ƙarƙashi ya ɗaga. Na kai hannu in taimaka ya daka mani tsawa. Ya ce wa Ladi ta zura hannu cikin ramin. Ta fito da wani abu cikin tsumma mai maiƙo. Ƙoƙon ne.

Ya ce, "Ke mai lura da komai, ba ki ji ƙyaure ya bar kuka ba?"

Na ji. Na ɗauka mai ya zuba mashi.

Na goge ƙoƙon da bakin zanena. Fari tas, kamar ranar da likita ya ba ni. Na karce, ba gari. Na danna, ba tsaga. Ashe tun washegarin da muka ƙona shi ya goge ƙafar ƙyauren da magagari har ta yi kai kamar ƙwallo, ya zaunar da ita ciki, ya naɗe da tsumma don ƙasa. Wata bakwai ana buɗewa ana rufewa, masu kawo liƙi, yara, awaki.

Ya ce, "Sa yatsa ciki. Mi kika ji?"

"Santsi. Ya yi ƙyalli."

"Wannan aikin wata biyar ne, ƙyaure shi kaɗai. Matsa gefe."

A gefe ɗaya akwai ɗan kwari, kaɗan, sai mai sana'a zai ji shi.

Ya ce, "Wannan na wata biyu ne. Tun da kika fara fita da baho nake rataya buhun gawayi a ƙyauren, in kin dawo in sauke. Kina cewa tsufa ya sa ni ajiye kaya inda ba wurinsu ba." Ya ɗauki guntun nan da ya sha rana bisa kwano ya jefar cikin murhu. "Rana ba ta shiga cikin mutum, Uwani. Kaya ke shiga. Kin tsare ƙofar da ɓarawo ba ya bi, kin ɗauko shi bisa kai kina kai shi ƙauye-ƙauye."

Na ce, "To in ban fita ba, mi za mu ci?"

"Ina bido ke tsagewa?"

"Wurin ɗibar ruwa."

"To mi ya kai ki gidajensu?"

A lokacin pampon Kona ne bai ƙafe ba, ƙauyukan da nake bi da ƙafa duk nan suke kwararowa da amalanke da jakai. Ni ina fita da sassafe ta gabas, su suna shigowa ta yamma. Baba ya sa aka yanka mani rabin tano, wato duro, aka kifa, murhu ya hau bisa, ya haɗa mani doguwar kujera don an hana ni zaman ƙasa. Maƙwabta suka kai mani kayan sau ɗaya, mai gadin pampo ya yarda su riƙa kwana ɗakinshi. Ranar farko mata suka yi ta tsiya: "A'a, gyartai ta buɗe biro kamar ma'aikatan gwamnati! Madam, sai mun kawo takarda?" Na ce, "Ku kawo, da hoto biyu." Kafin azahar bido goma sha wani abu suna jere gabana. Ranar kasuwa na je Tasawa wurin yayata, cikin mota. Ta ce, "Wace magana ce?" Na ce, "Kewarki na yi." Ta ce, "A wannan yunwar kika hau mota don kewa? Ke dai ba ki da hankali tun kina ƙarama." Ta auna mani masara.

Da kaka ta zagayo na koma asibiti. Majo ta ga tabon ƙurajen ta tambaya, na gaya mata, ta yi dariya har ta dafa gado, ta kira wasu ta sake ba su labari. Likitan kuwa bai yi dariya ba da labari ya kai wurin ƙyaure, ya sa aka maimaita mashi. Ya ce tsohon ya yi daidai. Ya ce tafiya ba laifi, ƙashi da nama suna son ta, kaya da tsalle da tsugunno ne ba ya so. Ya ce ita wannan robar ba tsagewa aka fi jin tsoro ba, gogawa ce: tana zubar da gari mai laushin da ido ba ya gani, garin nan in ya taru shi ke sa ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya saki. Shi ya sa suke son ganin hoto ko ba ciwo. Ya ce masu yin ta suna ta gyara ta, ta yanzu ta fi ta da jimiri, amma har yau ba ya ba ni shekaru. In ta cinye, cirewa ake a sa wata. Na ce wa majo, "Ki ce mashi sana'arsu da saura, tun da ba su iya liƙi ba." Ya ce in gaida Baba.

Baba ya rasu shekara huɗu bayan nan, da damina, hatsi ya yi kyau. Basillarshi tana cikin gwangwanin ƙarafana, ko da yake ƙwarya ba ta zuwa sai jefi-jefi, kuma ɗinkina bai kai nashi ba. Kasuwannin nan da muka ci tare ban sake cin su da kaya ba. Wani lokaci amalanke ya wuce da safe ya nufi hanyar Korgom, in bi shi da ido har ƙarfe ya huce a hannuna, in mayar da shi wuta.

Gidan ni na zauna ciki da maigidana da ya dawo. Kowace shekara in an gama girbi muna ɗaga ƙyaure. Kwarin ya ƙaru, yanzu kan ƙaramin yatsana yana zama ciki. Hoton bara ma ya nuna ƙwallon ya ɗan matsa gefe, likitan da ke wurin yanzu, ɗan ƙasa ne, ya ce kar in tsallake shekara. Na san ranar tana tafe. Amma ni da na riƙe ƙoƙon nan bisa gadon asibiti ba shekara ɗari na roƙa ba. Cewa na yi Allah ya kai shi ranar da ƙaramar za ta ɗauki bido cike ta aza bisa kanta ba mai tallafa mata. Bana da muka zo ɗaga ƙyaure na ce a kawo taɓarya, Hauwa ta ce, "Inna, taɓaryar mi?" Ta sa hannu ɗaya ta ɗaga shi, ta zura ɗayan ta miƙo mani ƙoƙon.

Matar nan ta Korgom, da na gama liƙin na cika mata bidon da ruwa, muka zauna muna kallon wurin, bai yi gumi ba. Ta ce, "Hajiya, zai kai shekara nawa?"

Na ce, "Ba ni ba da shekaru. Ki ajiye shi inuwa, kar ki ja shi ƙasa."

Ta sunkuya za ta ɗauka, ta dube ni ta ce, "Ko za ki ɗan kama mani in aza?"

Na ce, "Ni ba ni ɗaukar kaya. Hauwa, zo ki aza wa innarki."